Latifmiya, Mijin Bishiyar Kwakwa

Hasumiyar da ke kan tudun bakin teku a garinmu Sakurli, ba wanda ya san wanda ya gina ta. Limaminmu ya ce wani sarkin Musulmi ne, maƙwabtanmu Hindu suka ce nasu sarkin ne, wani malamin makaranta kuma ya ce Turawan Fotugal ne, aka kusa yi masa duka. Ko ma wane ne, don hango jiragen abokan gaba ya gina ta, kuma tun da na yi wayo ban ga abokin gaba ko ɗaya ba, sai awakin da ke kwana a cikinta da mazan da ke zagayawa bayanta idan ciki ya matsa musu. Zagayayya ce, ta jan dutse, kafaɗarta ta hagu a karye tun zamanin kakanni. Duk da wannan wulaƙancin, kowace shekara idan damina ta ɗauke aka jefa wa teku kwakwa bisa al'adar garinmu, sai maza su hau su shafe fuskarta mai kallon ruwa da farar ƙasa, domin da ita masuntanmu ke gane inda suke.

Kowane gidan masunta yana da dutsensa a ƙarƙashin ruwa, inda jan kifin nan tamboshi ke taruwa. A kan ruwa ba a kafa turke. Sai dai mutum ya tuƙa ya yi nisa, ya waiwayo tudu, ya daidaita hasumiya da wani abu da ke bayanta, sannan ya daidaita wasu abubuwa biyu ta wani gefen, inda layukan suka haɗu ya saki anga. Wannan alamar ba a faɗa wa mata, ba a faɗa wa aboki. Ɗa ɗaya uba ke faɗa wa, shi ma sai ya tabbatar mutuwa zai yi. Wani masunci, Shamsu Solkar, sau biyu yana kiran ɗansa Latifmiya bakin gado, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji ɗan sauƙi ya ce a kawo masa kunun shinkafa. A karo na uku ne ya faɗa, ya kuma cika yana hararar ɗan nasa kamar wanda aka yi wa fashi.

Abin da ya faɗa masa gajere ne: ya tuƙa har kan doguwar kwakwar gidan Gafur ya zauna a karyayyar kafaɗar hasumiya, ƙubbar waliyyi kuma ta shiga tsagin tsauni. Gadon Latifmiya ke nan gaba ɗaya, shi da tsohon kwale-kwale mai yoyo. Yana da shekara ashirin da huɗu.

Ni Rokiyabi, danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Gafur, a gangaren da ke bayan hasumiya. Abin da zan faɗa, rabi na gani da idona, rabi na ji ta danga, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Ba a yi wata biyu da rasuwar Shamsu ba, Gafur ya tashi gyaran rufi, ya ce doguwar kwakwar nan za ta yi azara mai kyau. Da maganar ta kai kunnen Latifmiya sai ga shi a bakin danga, ko gishirin teku bai wanke ba, yana kiran Gafur Chacha, wato baffa.

"Chacha, bishiyar nan fa an ce akwai aljani a kanta."

"To ce masa ya sauko ya riƙe min tsani. Asabar ta sama zan sare ta."

"Ni zan kawo maka wasu azara, masu kyau, har gida."

"Kai ɗan Shamsu, me ya haɗa ka da rufina? Ubanka har ya mutu ko kan kifi bai taɓa ba ni ba."

Dalilin kuwa ba ya faɗuwa. Duk masuncin da aka ji yana roƙon a bar wata bishiya, kafin azahar jiragen gari duka sun jeru a layinta. Don haka kullum da yamma sai ya zo ya tsaya a bakin danga, ya ɗaga kai sama, yana ramewa.

Gafur yana da 'ya ɗaya a gida, Jaitunbi, ta girme ni da shekara huɗu, ina ce mata Apa, wato yaya. Kyau ba laifi, sai dai baki. Masu neman aurenta uku suka zo, ta tambayi na farko ko uwarsa ce ta taje masa kai, sauran biyun suka ji labari a hanya suka juya. Wata rana muna tsince shinkafa ta zungure ni.

"Rokiya, kin ga ɗan Shamsu? Yau kwana goma sha ɗaya yana tsayuwa a nan. Kunya ta hana shi kallona, sai sama yake kallo, wawan Allah."

"Apa, ni fa a ganina bishiya yake kallo."

"Shi ya sa har yau ko kare bai tsaya a dangarku ba."

Ranar Alhamis Latifmiya ya aiko kawunnansa neman aurenta. Ya ce cikin kayan da uban amarya ke ba ango a wurinmu, ba ya son gado, ba ya son agogo, ba ya son keke, zai ma tare a gidan suruki, abu ɗaya kawai yake roƙo: a ce doguwar kwakwar tasa ce. Gafur ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ga wanda zai ɗauke masa Jaitunbi, ga shi kuma ba hankali, ina zai ƙara samun irinsa? Ya sayo azara a wani wuri, aka ɗaura aure kafin angon ya farfaɗo. Tun daga ranar mazan bakin ruwa suka sa masa suna mijin kwakwa, suna ganin zolaya suke yi, ba su san gaskiya tsagwaronta suke faɗa ba.

Ban taɓa ganin bishiyar da ta ji daɗin duniya kamar wannan ba. Kawunan kifi da gishiri yake binne mata a gindi. Akuya ta matso, jifa. Mai hawa ya tsinko kwakwa, mutum ɗaya ya yarda da shi, Pandu, shi ma sai ya tsaya a ƙasa yana ce masa ya taka a hankali. A teku kuwa Latifmiya ya zama gwanin maƙaryata. Zai fita ya nufi kudu alhali dutsen yana arewa. Idan akwai jirgi kusa, ba ya yarda a ga yana kallon tudu, sai ya juya baya ya yi kamar fitsari yake yi, yana satar kallon hasumiya ta gefen ido. Har aka riƙa ba shi shawarar magani. Amma kullum tamboshinsa sun fi na kowa girma, gidan bai taɓa kwana da miyar da ba kifi ba, 'yarsu ɗaya Mehrun kuma ta yi makaranta har aka aurar da ita a birni.

Shafen farar ƙasa kuwa, shi ne na farkon hawa, kuma kafaɗar hagu sai ya yi mata shafe uku. Ganin haka aka ɗauka son tarihi ne da shi, aka naɗa shi shugaban masu shafe. Wata shekara wasu mutum uku suka zo daga birni da igiyar awo da manyan huluna, suka ce hasumiyar kayan tarihi ce, za a cike karyayyen wurin a mayar da ita yadda take a da. Gari ya yi murna, ana cewa baƙi za su riƙa zuwa ɗaukar hoto suna sayen soyayyen kifi. Latifmiya kaɗai bai yi murna ba, don in an cike kafaɗar, kan bishiyarsa ba shi da mazauni. Sai ya mayar da kansa ɗan rakiyarsu. Ya nuna musu ramin da ya ce gamsheƙa ke ciki ita da 'ya'yanta. Ya nuna musu inda magini na ƙarshe ya faɗo ya karya wuya, alhali ba maginin da ya taɓa hawa. Sannan ya kai su gida ya ce Jaitunbi ta yi musu miyar jatan lande da barkono irin namu, kada ta rage. Biyu daga cikinsu a bayan hasumiya suka ƙarasa yinin, suna aikin da kowa ke yi a wurin. Suka tafi da alkawarin dawowa bayan damina, har yau muna jiran su.

Sai dai kwakwa ba ta tsufa a miƙe. Shekara bayan shekara ta riƙa sunkuyowa, shi kuma yana gyara idonsa kaɗan-kaɗan a teku, har gangar jikinta ta gitta kan ɗakin kwana, kanta ya rataya a kan wurin wanke-wanke. Gafur ya daɗe da rasuwa a lokacin. A shekara ta talatin da ɗaya da aurensu, dab da faɗuwar damina, gindinta ya tsage.

"Baban Mehrun, ka ga gindin abar taka?"

"Na gani. Zan ɗaure ta da igiya."

"Ka ɗaure ta da rawanin kakanka. A sare ta kafin iska ta taso."

"Haba Maman Mehrun, shekara nawa tana tsaye, wa ta taɓa?"

"Ta fasa min randa uku, ta kashe min kaza mai kwanci, ta bar wa 'yarka ƙulu a goshi wata guda. Jira kake ta yi sallama kafin ta shigo?"

Ya ce to su kwashe kayansu su koma rumfar gaba har iska ta wuce. Ita kuwa sai ta ja gadonta ƙiii, ta kai shi daidai ƙarƙashin gangar bishiyar.

"Nan zan riƙa kwana. In ta faɗo ka binne mu rami ɗaya, ka ga ka huta da nemo mata taki."

Kwana tara ya yi yana zagaya gidan, ya dubi bishiya, ya dubi hadarin da ke haɗowa daga teku, ya dubi ƙofar ɗaki. Ran na goma da safe ya kira Pandu. Daga kai aka fara saro ta gunduwa-gunduwa, Latifmiya na riƙe da igiya, hawaye na bin gemunsa, maza sun taru a bayan danga suna yi masa ta'aziyyar uwargida. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Da la'asar ya zauna a kan kututturen. Ina bayan danga ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

"Maman Mehrun, wata magana zan gaya miki wadda ba a gaya wa mata."

"To riƙe abarka."

Bai riƙe ba. Ya zayyana mata komai, dutsen, kafaɗar hasumiya, ƙubbar waliyyi, azarar mahaifinta. Ta saurara har ya gama.

"Tsaya. Kwana goma sha ɗayan nan da ka yi kana tsayuwa a bakin danga?"

"Dubawa nake ko Chacha ya sa mata gatari."

"Ko sau ɗaya ba ni kake..."

"Wallahi ban ma san kina leƙowa ba."

Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi wa teku guda ƙarya, rana ɗaya tak da ake bukatar ƙaryar sai ta ƙare masa. Na so in tsallaka dangar in kwaɗa masa faifan da ke hannuna.

Ba ta yi ihu ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta zagayo gidanmu ta zauna a kan turmi, ta yi kuka irin wanda ban gani ba ko ranar da mahaifinta ya rasu. Ta ce, "Rokiya, duk masifar da na zuba a garin nan, a ƙasan zuciyata taƙama nake akwai mutum ɗaya da ya taɓa ramewa saboda ni." Tausayinta ya kama ni. Ban tuna mata cewa na faɗa mata tun farko ba, kuma a duk rayuwata ban taɓa riƙe bakina da wahala irin ta ranar ba.

Daminar nan kaf ba ta ce masa ci kanka ba. Za ta dire masa shinkafa da miya ba gishiri, ya cinye tas. Da ruwa ya ɗauke aka shafe hasumiya, ya fita. Ƙubbar waliyyi ta shiga tsaginta yadda ta saba, hasumiya ga ta fara tas, amma bayanta fayau. Layi ɗaya ba ya nuna wuri. Ya yi ta sakin anga yana jawo laka, mako uku. Mazan bakin ruwa suna tambayar sa, "Bhai, ɗan'uwa, tamboshi sun bi uwargida ne?" Ya dasa ƙaramar kwakwa a gefen kututturen, tsawonta bai kai gwiwa ba, yana zama yana kallon ta. A wata ɗaya ya tsufa, har tafiyarsa ta canza.

Wata safiya bayan ya fita, na ji an kira ni ta danga. "Rokiya, zo ki kama min." Na tarar ta ɗaure dogayen gora biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta ƙulla rawayan sarinta, dogon zanen nan na biki, a saman, ta haƙa rami da ƙarfen fere kwakwa a wurin wanke-wanke.

"Apa, ta yaya kika san nan ne?"

"Kwakwa ba ta faɗowa a karkace. Inda ta fasa min randa, nan kanta yake. Kama, ki daina surutu."

"Kin yafe masa ke nan?"

"Wa ya ce? Busasshen kifi ne ya ishe ni."

Muka tayar da gorar, sarin ya buɗe a iska. Da hantsi ya yi muka sauke, kada wani ya gane. Da azahar Latifmiya ya shigo da kwando biyu na tamboshi, ya tsaya a tsakar gida baki buɗe. Ta ce masa in ya gama tsayuwar akwai albasa da ke jiran yanka.

Bayan kwana huɗu ta haƙa rami na biyu, taku biyu daga na farko. Taku biyu a tsakar gida, can a teku tazara ce mai yawa, mutum zai yini yana jiƙa fatsa a laka. Duk ranar da ya ɓata mata rai, washegari a ramin fushi za ta kafa gorar, kuma daga teku ba ya iya bambancewa sai rana ta yi tsaka bai kama komai ba. Ya dawo da kwando wayam.

"Maman Mehrun, me na yi jiya?"

"Yi tunani."

"Don na yabi miyar ƙanwata ne?"

"Ashe dai kana da ƙwaƙwalwa."

Maƙwabta da suka tambayi dalilin shanya sari a sararin sama, ta ce awaki ne ke cinye mata, wanda bai gamsu ba ya zo ta yi masa ƙarin bayani. Ba wanda ya zo. Daga baya ta ɗaura igiya a azarar rumfa ta koyi tayar da gorar ita kaɗai.

Shekara goma sha ɗaya suka yi a haka. Latifmiya ya zama miji mafi ladabi a Sakurli. Ya koyi niƙa kayan miya, ya koyi sayo furen da ake sa wa a gashi, ya koyi cewa "gaskiyarki" tun kafin ta gama magana. Da farko saboda tamboshi ne, kowa ma zai gane. Amma ni da ke bayan danga na ga lokacin da abin ya wuce kifi, don har ranar Juma'a da ba a fita teku sai ya zo da furen. In an tambaye ni, a waɗannan shekarun ne ya so ta, so na gaske, shi kansa bai san ranar da abin ya kama shi ba.

Wata safiyar Talata ina hura wuta na ji gora ta faɗi. Na leƙa na ga Jaitunbi a ƙasa, sarin a hannunta, ƙulli ɗaya kawai ta yi. Kafin mata su taru ta riga ta cika, muka ɗauke ta muka shigar ɗaki.

Shi kuwa, kamar yadda ya gaya min daga baya, ya isa inda ya saba tsayawa, ya waiwayo. Hasumiya na nan, bayanta ba komai. Ya jira. Ya fara laluben laifinsa na jiya, bai samu ba. Can sai ya tuna ko ranar da ya fi ƙona mata rai ba ta taɓa ƙin tayar da gorar ba, a ramin fushi dai, amma tana tayarwa. Ya yanke igiyar anga ya juyo.

Da ya shigo, tsakar gida cike da mata. Aka buɗa masa hanya zuwa ɗaki, amma bai bi ba. Ya nufi wurin wanke-wanke, kansa a ƙasa, yana duba turɓaya. Wata goggon Jaitunbi ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ku gani, matarsa na kwance, shi sandar shanya yake nema." Ba wanda ya taɓa gorar tun da ta faɗi, gindinta na nan a bakin rami. Ya durƙusa, ya sa hannu a ramin, ya dubi ɗayan da ke can taku biyu, sannan ya ɗago ya nemo fuskata a cikin matan.

"Rokiya, a na gaskiyar za ta kafa."

"Na gani, Bhai."

"Ba fushi take da ni ba ke nan."

"Ba fushi take ba."

Sai a lokacin ya dafa ƙasa ya miƙe, ya shiga wurinta.